Yadda ake gwada roba da zafi kafin a zuba kuɗi a kanta

A tsakiyar bazara wani Alhaji mai sayar da kayan injin ban-ruwa a nan Gombe ya shigo ɗakin gwajin da nake aiki, riƙe da leda cike da sil na famfo, wato robar da ke hana ruwa yoyo. Manoman rani na wajen Dadin Kowa ne suka dawo masa da su, ko wata biyu ba su yi a jikin inji ba. Na ɗauki guda na lanƙwasa, sai ta tsage kamar busasshen ƙanzo. Ya ce, "Malam, wallahi ranar da na sayo su da hannuna na mammatsa, laushi lau." Na ce, "Alhaji, na yarda. Sabuwar roba kowace iri tana da laushi. Abin da za mu nema shi ne yadda za ta koma bayan ta sha zafi." Na roƙe shi ya kawo mini sababbi daga ragowar katan ɗin, da wasu daga wani dila daban, muka yi aikin da zan bayyana a nan. Rabinsa mai shago ko bakanike zai iya yi da kansa. Sauran sai an je ɗakin gwaji.

Kafin a taɓa komai, ya kamata a san abin da zafi yake yi wa roba. Roba dogayen zaruruwa ce da ido ba ya gani, a cukurkuɗe. Ɗanyenta, irin wanda ake tatsa daga itatuwa a Edo da Delta da Kuros Riba, yana yin danƙo in ya ji zafi, ya sandare in ya ji sanyi. A 1839 Charles Goodyear ya gano a Amurka cewa idan aka dafa shi da farar wuta, zaruruwan suna ɗaurewa da juna, robar ta riƙa miƙewa tana komawa. Bayan farar wuta, masana'anta na zuba baƙin kabon don ƙarfi, da mai don laushi, da magungunan da ke tare iskar oksijin. Waɗannan magunguna ƙarewa suke yi a hankali. Ranar da suka ƙare, oksijin ya samu hanya, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Daga nan ɗayan biyu ne. Ko zaruruwan su tsintsinke, robar ta yi taushi da danƙo, wanda aka fi gani a robar itace. Ko su ƙara ɗaurewa fiye da kima, man ciki kuma ya ƙafe, ta taurare ta fara tsagewa, wanda shi ne halin yawancin robar da ake haɗawa daga man fetur. A garin da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40 a inuwa, balle jikin inji da ke aiki a rana, wannan tsufa ba ya jiran shekaru.

Mataki na farko: raba samfur, ka buɗe littafi

Ɗebo aƙalla guda goma sha biyar daga katan ɗaya, daga sama da tsakiya da ƙasa. Raba su gida uku. Kashi ɗaya ka sa a gwangwani mai murfi ka ajiye a wuri mai sanyi da duhu, su ne shaida, da su za a kwatanta komai. Kashi na biyu na gasawa ne. Na uku na yankawa da jiƙawa da ƙonawa. Ba kowane guda lamba. Kada ka rubuta da biro a jikin robar, zai goge a obin. Ɗaura masa ƙaramar alama ta aluminiyam da ka karce lambar a kai. Wayar jan ƙarfe kuwa kada ta kusanci samfurin gasawa, domin jan ƙarfe yana hanzarta lalacewar roba, zai ɓata maka sakamako ba ka sani ba.

A littafin ka rubuta ranar saye, da abin da dila ya ce robar ce, da aikin da za ta yi: ruwa za ta tare, ko gas, ko baƙin mai, ko man birki.

Mataki na biyu: gano wace irin roba ce

Nan ne na fi daɗewa, domin a cikin abin da ake kawo mini, sau da yawa robar ba ta da laifi, wurin da aka sa ta ne ba nata ba. Duk baƙaƙe ne a ido, amma halinsu ya sha bamban. NBR, wadda ake kira naitiril, ita ce ta mai da gas, sai dai rana da iskar ozon suna tsattsaga ta. EPDM ta fi jure rana da ruwan zafi da man birki, amma gas ko fetur ya taɓa ta sai ta kumbura. Robar itace da SBR, wadda ake haɗawa daga man fetur, su ne na taya, mai yana cin su. Niyofirin tana tsakatsaki. Silikon da Viton su ne masu jure zafi mai tsanani, kuma kuɗinsu ya nuna hakan.

Fara da nauyi. Sami ƙaramin sikeli mai auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram, irin na masu sayar da zinare. Auna guntun robar ka rubuta. Sannan ɗora kofin ruwa a kan sikelin, ka mayar da shi sifili, ka ɗaura guntun da siririn zare ka nutsar da shi cikin ruwan ba tare da ya taɓa gindi ko gefen kofin ba. Kaɗe kumfar iska da ta manne masa. Lambar da sikelin ya nuna ita ce girman guntun. Raba nauyin da girman. A ce nauyi giram 6.0 ne, girman kuma 5.0, ka samu 1.20. Baƙar roba ta yau da kullum takan faɗo tsakanin 1.1 da 1.3. Niyofirin takan ɗan fi haka. Viton tana kaiwa wajen 1.8 ko sama, saboda haka idan an sayar maka da sil da sunan Viton ka auna ka samu 1.2, magana ta ƙare tun a nan. Idan kuma robar da aka ce ta yau da kullum ce ta kai 1.5 ko 1.6, ka zargi an cika ta da garin alli don a rage kuɗin haɗi.

Sai jiƙawa. Yanka guntaye uku masu kama da juna, auna kowane, ka sa ɗaya a kwalbar gas, ɗaya a man birki, ɗaya a ruwa. Rufe kwalaben, ka bar su kwana uku a inuwa, nesa da wuta. Fito da su, ka goge da tsumma, ka auna nan take kafin man ya fara tashi. Wadda ta kumbura sosai a gas amma man birki bai dame ta ba, alamar EPDM ce, ko robar itace, ko SBR. Wadda gas bai yi mata wani abin kirki ba amma ta kumbura a man birki, ta yi kama da naitiril. Wannan gwaji a zafin ɗaki kawai ake yinsa a shago. Kada wani ya sa kwalbar gas ko fetur a obin.

Na uku shi ne wuta, kuma a waje ake yi, iska na kaɗawa daga bayanka, da guntun da bai wuce ƙwayar dawa ba. Ɗauki tsinken wayar jan ƙarfe mai kauri, ka gasa bakinsa a shuɗiyar wutar gas na girki har ya daina ba da launi. Dangwala shi a jikin robar yana da zafi, ka mayar cikin wutar. In harshen wutar ya koma kore shar, akwai kulorin a ciki, wato niyofirin ce, ko kuma leda ce irin PVC da ake yin yawancin tiyo na ban-ruwa da ita. Bambance su ba wuya: PVC tana narkewa, robar da aka dafa ba ta narkewa, sai dai ta ƙone. Robar itace tana ci da wuta da baƙin hayaƙi, ta bar danƙo. Niyofirin tana mutuwa da kanta in ka janye ta daga wutar. Silikon tana barin farar toka. Kada ka kai hanci don shinshinawa kamar yadda wasu suke yi, hayaƙin niyofirin da PVC yana ƙona huhu, na Viton kuma ya fi su haɗari. Idan nauyi ya riga ya nuna maka Viton ce, kada ka ƙona ta sam.

Waɗannan uku tare suna ba da amsar da za a iya dogara da ita a ciniki. Idan kuɗin da ke ciki mai yawa ne, kai samfur sashen kimiyyar sinadarai na jami'a, a Gombe ko Bauchi, ka fara tambaya ko suna da kayan aikin. Abu uku za ka nema. Na farko tatsa da asiton, wani ruwan sinadari mai narkar da mai: ana yanka robar ƙanana, a wanke ta da asiton mai ɗumi a na'urar Soxhlet wajen awa 16, a busar a sake aunawa. Abin da ya ragu daga nauyin shi ne mai da kakin da magungunan da aka zuba. Robar da aka tausasa da mai da yawa ita ce mai daɗin taɓawa a shago, kuma ita ce ke fara taurarewa. Na biyu toka: a ƙona giram biyu ko uku a tanderu a digiri 550 har baƙin ya tafi duka, a auna abin da ya saura. Ɗiga wa tokar ruwan khal, in ta yi ta tafasa da kumfa, alli ne. Na uku na'urar FTIR, wadda ke haska samfur ta zana layi mai tudu da kwari. Naitiril tana da alamarta da ba ta ɓuya, wajen lamba 2237. Idan takardar da aka ba ka ba ta nuna komai a wurin ba, ba naitiril aka sayar maka ba.

Mataki na uku: auna sabuwar kafin ta shiga zafi

Tauri ake fara aunawa, da ɗan ma'aunin da ake kira duromita, samfurin Shore A, wanda ke shiga aljihu. Robar ta kai kaurin milimita 6. In ba ta kai ba, jera biyu ko uku a kan juna. Ɗora ta a kan tebur mai tauri, ka danna ma'aunin a miƙe, nesa da gefe, ka karanta bayan daƙiƙa uku. Yi haka a wurare biyar, ka jera lambobin daga ƙarama zuwa babba, ka ɗauki ta tsakiya. Yawancin sil suna wajen 70. Mutum ɗaya ne zai yi awon farko da na ƙarshe, domin hannu ya bambanta.

Sai miƙewa. A ɗakin gwaji ana yanke robar da wani ƙarfe mai fitar da siffa mai faɗin kai biyu da siririn ƙugu, inji ya ja ta da saurin milimita 500 a minti har ta tsinke. Wanda ba shi da injin zai iya yanka siraran tsiri masu faɗi ɗaya da sabuwar reza, a yanka ɗaya ba tare da tsayawa ba, don ko ƙaramin tsagi a gefe daga nan za ta tsinke. Yi alama biyu a tsakiya, tazarar milimita 20. Maƙale kai ɗaya, ka ja ɗayan a hankali kusa da rula, wani yana ɗaukar bidiyo da waya, don ku ga inda alamomin suka kai daidai lokacin tsinkewa. In sun kai milimita 100, ta ƙaru da 80 a kan 20, wato kashi 400 cikin ɗari. Yi da tsiri biyar. Ba zai kai awon inji daidaito ba, amma tunda hanya ɗaya za ka bi kafin gashi da bayansa, bambancin zai fito.

Mataki na huɗu: gashi

Ƙa'idojin da duniya ke bi a nan su ne ISO 188 da ASTM D573, kuma abin da suke nema a fili yake. Obin mai fanka, wanda iska ke shiga tana fita a hankali, domin oksijin ake so ya ci gaba da samun robar. Wanda ake gasa abinci a ciki ba ya cikin lissafi. Kunna shi tun kafin ka sa komai, ka rataya ma'aunin zafi naka na daban a tsakiya, ka ga ya zauna a inda kake so, bai yi sama ko ƙasa da digiri ɗaya ko biyu ba. Lambar da ke jikin obin kaɗai ba abin dogaro ba ce.

Rataye samfuran, kada ka shimfiɗa su a kan ƙarfe. Bar aƙalla santimita ɗaya tsakaninsu, santimita biyar daga bango, kuma kada su cinye fiye da kashi ɗaya cikin goma na cikin obin. Roba iri biyu ba sa shiga tare. Maganin da ke jikin mai kyau yana tashi da zafi ya sauka a kan marar kyau, sai ta fito da sakamakon da ba nata ba. Na Alhaji sai da muka yi zubi biyu saboda wannan, mako biyu maimakon ɗaya, kuma ya yi haƙuri.

Zafi nawa, kwana nawa? Robar itace da SBR digiri 70. Naitiril da niyofirin digiri 100. EPDM 125. Lokacin da aka saba shi ne awa 70, ko awa 168, wato mako guda cif. Ni na fi son mako, domin roba mai ɗan magani kaɗan tana iya daurewa kwana uku, sai a na biyar ko na shida ta fallasa.

Akwai kuskuren da nake roƙon kowa ya guje masa: ƙara zafi don a gama da wuri. Wanda ya sa robar itace a digiri 150 don ya samu amsa gobe, ya gwada abin da ba zai taɓa faruwa a gona ba. A irin wannan zafi bayan robar ne ke ƙonewa ya yi ɓawo, oksijin ya kasa shiga ciki, ga wasu sinadaran suna tashi waɗanda a zafin aiki ba za su motsa ba. Dalilin ke nan ma ake son samfur siriri, wajen milimita 2.

Sai maganar wuta, wadda kowa a nan ya sani. Kada ka fara sai ka tanadi janareta ko sola da za ta riƙe obin dare da rana. Duba zafin safe da yamma, ka rubuta. In wuta ta yanke na ɗan lokaci, rubuta mintunan ka cike su a ƙarshe. In obin ya kwana a kashe har ya huce, ni zubarwa nake yi in sake da sababbi, don ba zan sa hannu a takardar da ban tabbatar da awanninta ba.

A tare da wannan, ga sil da gasket akwai gwajin da na ɗauka ya fi kowane muhimmanci, wato matsi. Aikin sil shi ne ya riƙa turo ƙarfen da ya danne shi. Ranar da ya daina turowa, ruwa ya samu hanya ko da robar ba ta tsage ba. Sami faranti biyu na ƙarfe masu santsi da kusoshi masu noti. Auna kaurin robar, ka sa ta tsakanin farantan tare da guntayen ƙarfe masu kaurin kashi uku cikin huɗu na nata, ka ɗaure har farantan su zauna a kan guntayen. Sa duka a obin awa 22 ko awa 70. Da ka fito da shi kwance nan da nan, ka ɗora robar a kan katako, ka jira minti 30, ka sake auna kauri. A ce da 12.5 ce, guntun ƙarfen 9.4, ta dawo 11.6. An danne ta da 3.1, ta kasa maido 0.9. Raba 0.9 da 3.1, ka samu kashi 29 cikin ɗari. Ƙaramar lamba ita ce mai kyau. Wadda ta fito a shafe kamar an guge ta, ta kusa kashi ɗari, ba sil ba ce kuma.

Mataki na biyar: hutawa, sake awo, da karanta sakamako

Samfuran da aka rataye, in lokacinsu ya cika, a bar su su huta aƙalla awa 16 a ɗakin da aka yi awon farko. Ƙa'ida ta amince da digiri 27 ga ƙasashe masu zafi irin namu, a maimakon 23. Roba mai ɗumi tana nuna laushin da ba ta da shi. Sannan a maimaita komai: nauyi, tauri, miƙewa. A lanƙwasa guda a duba bayanta da gilashin ƙara girma ko kyamarar waya, a taɓa a ji ko tana manne wa yatsa.

Tauri da maki ake faɗinsa: daga 70 zuwa 78 ƙarin maki 8 ne. Miƙewa kuma da kashi: daga 400 zuwa 300 an rasa kashi 25 cikin ɗari. Ma'aunin ASTM D2000, wanda masu kera motoci ke rarraba roba da shi, mafi sassaucin sharaɗinsa bayan awa 70 shi ne kada tauri ya canja fiye da maki 15, kada ƙarfin ja, wato ƙarfin da ake jan ta da shi kafin ta tsinke, ya canja fiye da kashi 30, kada miƙewa ta faɗi fiye da rabi. Wannan ƙasan layi ne. Don kayan da za su yi rani a fili, ni nakan so in ga sun tsaya nesa da shi. A cikin ukun, miƙewa ce ke fara tona asiri. Ƙarfin ja yana iya ƙaruwa a farkon gashi saboda robar tana ƙara ɗaurewa, mutum ya ɗauka ta gyaru, alhali ta fara sandarewa. Raguwar nauyi kuma man ciki ne ya gudu.

Tambayar da kowa ke yi daga nan ita ce, to mako ɗaya a obin shekara nawa ne a gona? Akwai ƙiyasin da aka saba, cewa kowane ƙarin digiri 10 yana ninka saurin tsufa kusan sau biyu. A kan haka mako ɗaya a digiri 100 ya yi kusan mako 64 a digiri 40. Amma ƙiyasi ne kawai, kuma obin ba shi da rana, ba shi da ozon, ba shi da yashi da jijjigar inji. Mai son lissafin shekaru na gaskiya sai ya gasa a zafi uku daban-daban na tsawon watanni, kamar yadda ISO 11346 ta tsara. Abin da gwajin mako guda ya iya shi ne ya ajiye maka roba biyu gefe da gefe ya nuna wadda za ta riga mutuwa.

Na Alhaji haka ta kasance. Na katan ɗin farko sun yi nauyin da ya wuce kima, tokarsu ta tafasa da ruwan khal, suka fito daga obin ba sa lanƙwasuwa. Na ɗaya dilan sun ɗan taurara, amma sun miƙe sun dawo. Ya juya su a hannu ya ce, "Malam, yanzu me zan gaya wa mai kawo mini kaya?" Na ce ya daina cewa a kawo masa mai kyau, ya rubuta a takardar oda: irin robar, taurin Shore A, zafin gashi da awanninsa, da iyakar canjin da zai karɓa. Kowane sabon katan ya cire guda goma sha biyar kafin ya biya cikon kuɗi, biyar daga ciki su shiga gwangwani da kwanan wata a jiki. Ragowar kayan kuma ya sauke su daga saman kanta, inda suke kwana ƙarƙashin kwanon rufi, ya mayar da su ƙasa cikin kwalinsu, nesa da janareta da injin walda na maƙwabcinsa, domin tartsatsin lantarki yana haifar da ozon.